Jita da Jita-jita: Yadda Ake Tantance Abin da Mujallun Tsofaffin Jita Suke Rubutawa

Dillalan tsofaffin jita a Amurka suna da wani barkwanci da ba ya tsufa. Sukan ce kamfanin Gibson ya ƙera jita samfurin Les Paul mai fentin Sunburst, wato mai haske a tsakiya da duhu a gefe, kusan guda 1,700 tsakanin 1958 da 1960, amma abin takaici guda 2,000 ne kacal suka rage a duniya. Kowa sai ya yi dariya, daga nan kowa ya koma gida ya sake leƙa tasa. Jitar da aka sayar ƙasa da dala 300 tana sabuwa, yau ana cinikinta a kan ɗaruruwan dubban daloli, kuma duk inda zuma ta zuba ƙuda ba ya jiran gayyata.

Tsakanin mai kaya da mai saye akwai mujalla. Akwai Vintage Guitar da Alan Greenwood ya kafa a 1986 a garin Bismarck na jihar Dakota ta Arewa, wadda ta fara da sunan The Music Trader. Akwai Guitar Player da ta fara fitowa a 1967 a Kalifoniya, ta daina bugun takarda a ƙarshen 2024. Akwai Guitarist ta Ingila, tun 1984. Jimla ɗaya a irin waɗannan shafuka tana iya ƙara wa jita dala dubu goma, ko ta zaftare mata. Mafi yawan marubutansu mutane ne masu ƙoƙari, wasu ma sun ƙarar da rayuwarsu suna kwance jita suna ɗaurawa. Amma mujalla tana da ranar da dole ta tafi maɗaba'a, kuma tana cin abinci ne daga hannun mutanen da take rubutu a kan kayansu. Ga yadda nake karanta su, mataki bayan mataki.

Mataki na farko: fara daga shafin da kowa yake tsallakewa

Kafin ka karanta labarin, nemo shafin da aka jera sunayen ma'aikata da marubuta. Wane ne ya rubuta wannan bayani, kuma da me yake cin abinci? Sau da yawa za ka tarar masanin da ya fi kowa sanin abin dillali ne, yana da shago. Wannan ba laifi ba ne. George Gruhn ya buɗe shagonsa a Nashbil tun 1970, kuma littafin da suka rubuta da Walter Carter yana cikin abin da masu sana'ar suke buɗewa kullum. Ilimin nan a hannun dillalai yake, domin su ne jita dubu ta ratsa hannunsu. Abin dubawa shi ne ko mujallar ta gaya maka. Idan jitar da aka yi wa shafi shida na yabo tana rataye a shagon marubucin tana jiran mai saye, haƙƙinka ne ka sani.

Daga nan ka juya zuwa shafukan talla. Idan ka ga jitar da ke cikin labarin ta sake bayyana a shafi na tamanin da farashi a ƙasanta, to ka karanta labarin kamar yadda kake sauraron dillali a kasuwar kara yana yabon bijimi. Wataƙila duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Abin da bai faɗa ba shi za ka nema.

Mataki na biyu: kasa maganganun kashi uku

Ɗauki fensir. Duk jimlar da ta yi iƙirari, ka tambaye ta daga ina ta fito. Akwai abin da marubucin ya gani da idonsa a jikin jitar. Akwai abin da ya samo a takarda, kamar kundin fitar da kaya na kamfani, rasit, kasidar farashi ko takardar mallakar fasaha. Akwai kuma abin da ya ji, wato wani ya ce wani ya ce.

Duk wanda ya zauna gaban malami ya ji yadda ake bin isnadin ruwaya ya san wannan aiki. Ba a ƙin magana don an ji ta ne kawai, amma ana son a san daga bakin wa ta fito, shi kuma a ina ya samo. Mujalla mai inganci takan bambance maka ukun nan da kanta. Za ta ce mun cire wuyan mun ga kwanan wata kaza, ko kundin kamfani ya nuna kaza, ko iyalan mai jitar sun ce kaza. Wadda ba ta da inganci takan zuba su duka a tukunya ɗaya ta dama, ta miƙo maka da murya guda ta tabbaci. Idan ka gama labari fensirinka ya nuna kashi na uku ya fi yawa, hira ka karanta, kuma hira tana da daɗinta, sai dai ba a fitar da kuɗi a kanta.

Mataki na uku: kada lambar siriyal ta rufe maka ido

A nan kuskure ya fi yawa, saboda lamba tana da kwarjini. Mutum ya ga lamba sai ya ɗauka magana ta ƙare. Alhali kowane kamfani da irin halinsa.

Martin, da ke garin Nazaret na jihar Pensilbaniya, shi ne ɗan kirkin ajin. Tun 1898 lambobinsa suke bin juna a jere, an san lambar da ta rufe kowace shekara, kuma ana buga lambar a kan katakon da ya riƙe wuya daga ciki, kana iya hango ta ta ramin sauti. Idan mujalla ta ba ka lambar Martin da shekarar da ba su dace ba, kuskure ne tsagwaronsa, babu wani uzuri.

Fender kuwa, daga tsakiyar shekarun 1950 zuwa tsakiyar shekarun 1970, lambar tana kan wani ɗan farantin ƙarfe ne da ke bayan jita, inda sukurori suka ɗaure wuya da gangar jiki. Ana buga farantan da yawa a zuba a akwati, ma'aikaci ya ɗauki wanda hannunsa ya kai. Saboda haka lamba ƙarama tana iya fita bayan babba da watanni. Ƙari a kan haka, farantin nan 'yan sukurori ne kawai suka riƙe shi, yaro ma zai iya sauya shi kafin shayi ya huce. Misali mafi shahara shi ne farar Stratocaster, wani samfurin jitar Fender, ta makaɗi David Gilmour mai lamba 0001, wadda aka sayar a gidan gwanjo na Christie's a 2019 kan dala 1,815,000. Lambar ta sa mutane da yawa sun ɗauka ita ce Stratocaster ta farko a duniya, masana kuwa sun daɗe da cewa ba ita ba ce.

Gibson ya fi su rikici. Daga 1961 zuwa 1975 kamfanin ya riƙa maimaita lambobi, har lamba ɗaya mai alƙaluma shida takan iya zama ta 1963, ko ta 1967, ko ta farkon shekarun 1970. Sai a 1977 aka kawo tsari mai alƙaluma takwas da mutum zai karanta da kansa: alƙalami na farko da na biyar su ne shekara, ukun da ke tsakaninsu ranar shekara. Lamba 70108276 tana nufin rana ta 10 ta 1978. Su kuwa Les Paul na 1959 da ake ta rububi, kundin fitar da kayan da zai raba gardama a kansu ya ɓace daga ma'ajiyar kamfanin, har a 2020 Gibson ya sa ladan dala 59,000 ga wanda ya dawo da shi. Don haka duk marubucin da ya ce maka ya tabbatar da ranar da wata Les Paul ta 1959 ta bar masana'antar Gibson da ke garin Kalamazu, tambaye shi a wace takarda ya gani.

Na ga wannan da idona. Wani ƙanena da ke kaɗa jita ya samu wata tsohuwar Gibson a hannun wani dattijo da ya yi kiɗan otal a zamanin ƙuruciyarsa. Ya shigo mini da ita a nannaɗe cikin zane, hannu ɗaya riƙe da wata tsohuwar mujalla da ya ninke a shafin jadawalin lambobi.

"Yaya, duba nan. Dubu ɗari da 'yan kai. Sun ce 1963. Wallahi mun warke."

Na karɓa na juya bayan kan jitar wajen hasken taga. Lambar tana nan kamar yadda ya faɗa. Amma a ƙasanta akwai wani rubutu da aka danna cikin katakon, datti ya cike shi har ya kusa ɓacewa. Na sa farce na kankare, sai ga MADE IN USA. Gibson ya fara danna wannan hatimi a kai a kai ne daga 1970. Na shafa inda wuya ya haɗu da kai, na ji wani ɗan tudu kamar ƙashin maƙogwaro, wanda shi ma alamar shekarun 1970 ce, an ƙara shi ne don rage karyewar kai.

"Ƙanena, jitarka ta gaske ce, amma ta girme ka ne kawai, ba ta girmi Baba ba."

Jadawalin bai yi ƙarya ba. Ya dai kawo shekara ɗaya ya yi shiru a kan sauran biyun, kuma editan da ya bar shi ya wuce babu gargaɗi ko na layi ɗaya, shi ya jawo wa yaron nan kwana biyu na mafarkin banza.

Mataki na huɗu: nemi shaidun da ke cikin ciki

Tun da lamba ita kaɗai ba ta isa ba, marubucin kirki yakan kawo shaidu uku ko huɗu da suka yarda da juna. Ka duba ko labarin ya ambace su.

Na farko, 'yan na'urorin da ke ƙarƙashin abin murɗawa na ƙara sauti da rage shi, waɗanda masu sana'ar suke kira fot. A bayansu ko a gefensu akwai lamba. Alƙaluma ukun farko suna nuna kamfanin da ya ƙera: 137 na CTS ne, 304 na Stackpole, 134 na Centralab. Sauran kuma shekara ce da mako. Da muka buɗe bayan jitar ƙanena, muka haska da fitilar waya, muka goge ƙura da auduga, sai ga 1377312. Ke nan CTS, shekarar 1973, mako na 12. Magana ta ƙare. Amma ka lura da yadda ake amfani da wannan shaida. Fot yana gaya maka cewa jitar ba za ta riga shi haihuwa ba, matuƙar shi ne na asali. Ba ya gaya maka ranar da aka gama ta, domin yana iya yin wata da watanni a ma'ajiya. Fender ya sayi fot masu ɗimbin yawa a 1966, ya yi ta amfani da su har farkon shekarun 1970. Marubucin da ya ga 66 a kan fot ya yanke hukunci cewa jitar ta 1966 ce, bai gama karatu ba.

Na biyu, dalmar da aka like wayoyi da ita. Tsohuwar dalma da ba a taɓa ba takan dushe, ta kwanta lif. Sabuwa tana ƙyalli, kuma sau da yawa za ka ga tabon ƙuna a rigar wayar da ke kusa. Idan dalmar sabuwa ce, fot ɗin ma ya zama abin tuhuma, domin ana sayar da tsofaffin fot daban don a dasa su a jitar da ake son tsufar da ita.

Na uku, a Fender, gindin wuya. Idan aka kwance shi, yawanci akwai kwanan wata, da fensir a shekarun 1950, da hatimi daga 1962. Na huɗu, fenti. Ana haska shi da irin fitilar da ake duba jabun kuɗi, tsohon fenti ya yi wani haske mai kore-kore, wurin da aka yi faci ya fito da duhu. Wannan ma ba hujja ce da ke tsayawa ita kaɗai ba, don masu algus sun koyi dabarunta.

Idan mujalla ta ce jita tana nan yadda ta fito daga masana'anta, ko sukuru ba a sauya ba, amma ba ta ce an buɗe ta ba, to daga ina ta sani? Wannan tambaya ɗaya tana kayar da rabin irin waɗannan labarai.

Mataki na biyar: yi hattara da layin da aka ja da rula

Masana'anta ba ta sauya kaya ranar 1 ga Janairu. Tana ƙarar da tsohon abin da ke akwati ne tukuna. Marubuci mai gaggawa shi ke son iyaka tsaf, tarihi kuwa ba haka ya tafi ba.

Ɗauki cinikin Fender. Kamfanin CBS ya saye shi kan dala miliyan 13, cinikin ya fara aiki a Janairun 1965, kuma tun daga nan kasuwa ta raba jita gida biyu, na kafin CBS masu tsada da na bayansa. Amma sabon salon rubuta sunan Fender a kan jita ya fara bayyana tun 1964, kafin cinikin. Babban kan Stratocaster da ake yi wa kallon tambarin CBS bai zo ba sai ƙarshen 1965. Ɗaure wuya da sukurori uku maimakon huɗu sai 1971. Jitar da aka yi a tsakiyar 1965, hannuwan da suka yi ta 1964 su suka yi ta, da kayan da suka rage a akwatuna ɗaya. Labarin da ya ce maka komai ya lalace dare ɗaya, tatsuniyar kasuwa yake maimaitawa.

Haka batun fikof ɗin Gibson, wato na'urar maganaɗisu da ke ɗaukar motsin tsirkiya, irin mai kashe gurnani da Seth Lover ya ƙirƙira. An nemi rajistar fasahar a 1955, aka fara sa shi a Les Paul a 1957, aka ba da rajistar a 1959. Duk da haka 'yar takardar da ke cewa ana jiran rajista, wadda ta ba shi sunan PAF, ta ci gaba da fitowa har wajen 1962. Abin dariya ma, da aka sauya ta da mai lamba, sai aka buga 2,737,842, wadda lambar rajistar wani ƙarfen riƙe tsirkiya ce na makaɗi Les Paul, wanda jitar ta ci sunansa. Ta fikof ɗin ita ce 2,896,491. Marubucin da ya san wannan, ya zauna da takardu. Wanda ya ce takardar PAF ta ɓace ranar da rajista ta fito, lissafi ya yi da ka.

Wani gwaji mai sauƙi: sunan Nocaster. A farkon 1951 kamfanin Gretsch ya yi ƙorafi cewa sunan Broadcaster da Fender ya sa wa wata jitarsa ya yi kama da na gangunansa, sai Fender ya riƙa yanke sunan daga tambari da almakashi har aka samu sunan Telecaster. Masu tara jita ne suka laƙaba wa na tsakanin nan, waɗanda suka fita babu suna, Nocaster daga baya. Idan labari ya rubuta kamar da wannan suna aka sayar da su a 1951, ka san irin hannun da kake ciki.

Mataki na shida: bi zancen zuwa mafarinsa

Mujallu uku sun faɗi abu ɗaya ba ya nufin shaidu uku. Sau da yawa mutum ɗaya ne ya faɗa shekara talatin da suka wuce, sauran suka kwafa. Ka ɗauki jimlar, ka nemi fitowa mafi tsufa da ta ƙunshe ta, ka ga ko can an kawo hujja.

Jitar bes ta Paul McCartney na ƙungiyar mawaƙa ta Beatles, ƙirar kamfanin Höfner da ya saya a Hambag a 1961, misali ce mai kyau. Shekaru da dama ana rubuta cewa ta ɓace ne a 1969, saboda a hotunan farkon wannan shekara aka yi mata ganin ƙarshe. Da wasu masu bincike suka tsaya suka bi sawu, suka yi kira ga jama'a, sai ta bayyana cewa sace ta aka yi daga bayan wata mota a unguwar Notting Hill ta Landan a Oktoban 1972. A Fabrairun 2024 aka sanar da cewa ta koma hannun mai ita. Tazarar shekara uku cur ce tsakanin abin da aka yi ta rubutawa da gaskiyar, ba don mugunta ba, sai don kowa ya jingina da na gabansa.

Sai kuma abin da ake kira zamanin ƙara, sunan da dillalai suke liƙa wa kusan kowace jitar Japan ta shekarun 1970 don ta yi daraja, kamar an kai kowanne kamfani kotu saboda kwaikwayonsa ya fi na asali. Ƙarar da aka sani ita ce wadda kamfanin Norlin, mai Gibson a lokacin, ya shigar a 1977 a kan kamfanin Elger, mai rarraba jitar Japan ƙirar Ibanez a Amurka, kan siffar kan jita. An sasanta a wajen kotu, kuma Ibanez ya riga ya sauya siffar tun kafin nan. Mujallar da ta kira jitar wani kamfani daban da wannan suna ba tare da bayani ba, harshen talla ta ara.

Ni kaina wannan mataki ya fi ba ni wahala, domin tatsuniyar takan fi gaskiyar daɗin ji. Wa zai so a ce masa jitar da makaɗi Slash ya naɗi kundin waƙoƙin ƙungiyarsu Guns N' Roses na 1987 da ita ba Gibson ce ta ƙera ta ba, kwaikwayo ce da wani maƙeri mai suna Kris Derrig ya yi da hannu? Amma haka abin yake.

Mataki na bakwai: karanta hoto kamar yadda kake karanta rubutu

Gani ya kori ji, amma sai an nuna maka wurin da ya kamata. Hoton gaban jita a kan jan ƙyalle ado ne. Hotunan da ke da amfani su ne bayan kai, gindin wuya, cikin ramin wayoyi, ƙasan fikof. Ka kuma gwada bayanin ƙasan hoto da abin da ke cikin hoton. Bayanin ƙasan hoto yawanci shi ake rubutawa a ƙarshe, cikin gaggawa, wani lokaci ma ba marubucin ne ya rubuta ba. Idan an ce Stratocaster ta 1957 ce amma allon yatsunta baƙin katakon rozwud ne, akwai magana, domin wannan allo ya shigo ne a tsakiyar 1959. Idan an ce Gibson ce amma murfin da ke kan jitar, wanda ya rufe sandar daidaita wuya, sukurori uku ne suka riƙe shi maimakon biyu, ka tsaya ka ƙara dubawa, don wannan yana cikin alamun jabu da aka fi sani. Tsufan jiki kuwa ba hujja ba ne ko kaɗan. Tun 1995 Fender da kansa yake sayar da sababbin jita da aka kankare aka tsufar da gangan, da sunan Relic.

Inda hoto ya fi ƙarfi shi ne zanen jijiyoyin katako, domin babu itace biyu masu zane ɗaya, kamar zanen yatsa. Da shi aka tabbatar da Stratocaster ɗin da Bob Dylan ya kaɗa a bikin Newport a Yulin 1965, wadda ta yi shekaru a gidan iyalan wani matuƙin jirgi. An gwada zanen katakonta da hotunan ranar, aka sayar da ita dala 965,000 a Disambar 2013. Jitar John Lennon ƙirar J-160E da ta ɓace a 1963 ma ta haka aka gane ta, kuma abin sha'awa, mujalla ce ta fara farkar da mutumin da take hannunsa a San Diyego, da ya ga hoton 'yar'uwarta ta George Harrison, abokin kiɗan Lennon a Beatles. An sayar da ita sama da dala miliyan 2.4 a 2015. Irin wannan ita ce hujjar da za ka nema duk lokacin da labari ya ce wani shahararre ya taɓa riƙe jita. Wasiƙar ɗan'uwan direbansa ba ta kai nan ba.

Mataki na takwas: farashi

Nan ba sai an daɗe ba. Kuɗin da mai kaya ya sa daban, kuɗin da aka sallama daban, kuma mujalla ta gari takan faɗi wanne take nufi. Kundin farashin da Vintage Guitar take fitarwa duk shekara yana magana ne a kan jita mai kyan jiki da kayanta na asali, alhali a kasuwa sake fenti kaɗai yakan zaftare kusan rabin daraja. Kada kuma ka auna taka da ta shahararru. Jitar makaɗi Eric Clapton da ake kira Blackie haɗe-haɗe ce daga jita uku da ya saya a Nashbil a 1970, irin abin da dillali zai yi wa tayin wulaƙanci da ta wani ce, amma an saye ta dala 959,500 a 2004. Sunan aka saya.

Mataki na tara: duba yadda take yi idan ta yi kuskure

Ɗauki fitowa shida a jere ka nemi gurbin gyara da shafin wasiƙu. Mujallar da ke rubutu a kan dubban lambobi da shekaru, a ce wata shida ba ta gyara ko ɗaya ba, ba tsarki ne da ita ba, ɓoyewa take yi. Wadda nake amincewa da ita ita ce mai buga wasiƙar mai karatun da ya ƙaryata ta, ta amsa a ƙasa cewa ya yi gaskiya, sannan ta koma shafinta na intanet ta gyara tare da rubuta ranar da aka gyara. Wasu sukan sauya rubutun intanet a ɓoye kamar ba a taɓa yin kuskuren ba, alhali bugun takarda yana nan a ɗakunan mutane yana ci gaba da yaɗa shi.

Idan kai ka gano kuskuren, ka rubuta musu, amma ka rubuta yadda edita zai iya aiki da shi. Faɗi watan fitowa da shekara da lambar shafi. Kwafo jimlar kamar yadda take. Faɗi abin da kake ganin shi ne daidai a layi ɗaya ko biyu, sannan ka haɗa hujjarka: hoton hatimin, hoton lambar fot a kusa yadda za ta karantu, ko shafin kasidar kamfani. Kuskure ɗaya a wasiƙa ɗaya, kuma ban da zagi, don editan da aka zaga yakan kare kansa ne maimakon ya duba. Haka muka yi da ƙanena a kan jadawalin nan. Shi ya riƙe fitila ni na ɗauki hotuna uku, na bayan kai, na ɗan tudun wuya, da na 1377312, muka tura. Jitar kuwa ya sauya mata tsirkiya, ya sa an gyara fot ɗaya da ke ƙara idan an murɗa, tsohon ya nannaɗe shi a leda ya ajiye cikin akwatinta, kuma da ita yake zuwa wasa duk ƙarshen mako.